Minsharin da Aka Ɗora wa Baba

A gidanmu na unguwar Zango an daɗe ana yi wa Baba tsiya a kan minshari. Idan bazara ta kankama, da an idar da sallar azahar unguwa takan yi tsit. Masu shaguna su ja ƙofa rabi, 'yan kabu-kabu su jingine baburansu a inuwar itacen bedi, kowa ya nemi inda zai miƙe ƙafa kafin la'asar. Baba baduku ne. Yakan bar rumfarsa ya zo gida ya ci abinci, ya shiga ɗakin Inna, don shi ne ginin ƙasa mai kauri, ya fi ko'ina sanyi. Ba a jimawa sai sautin ya fara fitowa ta bayan labule, kamar ana jan turmi a kan daɓe.

Maƙwabciyarmu, wadda katanga ɗaya ta raba mu, takan ɗaga murya da yamma in ta ji fitarsa. "Malam, yau ma an tayar da injin niƙa? Da ka faɗa, da na aiko da gerona."

Baba ya yi dariya ya ce, "Gado ne, Hajiya. Ubana da nasa ya kori kura daga bayan gari."

Inna ba ta taɓa sa baki ba. Ni ma ban taɓa kawo komai a raina ba. Kowa ya san namiji ke minshari. In aka ce mace na yi, zagi ne, irin wanda ake ajiyewa sai ranar faɗa.

Ni ce 'yar fari, Inna kuwa tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Da aka yaye ni, aka kai ni garin Guna wurin Kaka, mahaifiyarta. A can na fara lakwal, wato makarantar boko, sai da zan shiga lise, babbar sakandare, na dawo Damagaram. Ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana son abu sai ta faɗa wa iska: "A miƙo mini faifai." In baƙuwa ta tambaye ta ni, sai ta ce, "Waccan? Tana ɗaki da takardunta." Ni kuma dama ba mai magana ba ce da kowa, balle da ita. Ba ƙiyayya ba ce. Nakan tsinci tsokar nama a ƙarƙashin tuwona, in ɗaga kai in ga tana kallon wani wuri. Haka muka zauna shekara biyar, bai dame mu ba, sai da na samu maganar da ba ta aikuwa.

Sana'ar Inna man gyaɗa ce da ƙuli-ƙuli. A soya gyaɗa, a murje, a fece, a kai inji, a dawo a matse mai a turmi, abin da ya rage a mulmula a soya shi cikin man nasa. Suyar takan yi ta bayan la'asar, ita kaɗai, a kan kujera 'yar tsugunne, kasko a gabanta, matsami a hannunta.

A shekarata ta biyu a jami'a, ina karatun ilmin halittu, malamin da ke koya mana yadda gaɓoɓin jiki ke aiki ya zuba 'yan takardu cikin hularsa, ya ce kowa ya ɗauki ɗaya. Abin da ka ɗauka, shi za ka tsaya gaban aji ka yi bayani a kai bayan wata guda. Wasu suka ɗauki zuciya, wasu ƙoda, wasu hanta. Ni na warware tawa na ga ɓeraye, da barci, da numfashi, da ormon na maza da na mata. Wanda ke zaune bayana ya leƙa ya ce, "Malama, an haɗa ki da danginki. Ku duka ba a jin ku sai dai a ga aikinku." Aji ya kwashe da dariya, na sunkuyar da kai.

Malamin ya ba ni fotokofin wasu takardu. Da Ingilishi aka rubuta su, mu kuwa da Faransanci muka tashi. Sati biyu ina bin su kalma-kalma da ƙamus, ina rubuta ma'anar da fensir a saman kowane layi, har takardar ta koma kamar tururuwa ta bi ta kai.

Ga abin da na fahimta. Ormon wani sinadari ne da wata gaɓa ke ƙerawa ta zuba cikin jini, ya tafi ya kai wa wata gaɓar umarni. Na riga na san na mata su ke tafiyar da al'ada da ciki, na maza su ke fasa murya su fito da gemu. Abin da ban sani ba shi ne suna da hannu a numfashi. Masu binciken sukan sa ɓera cikin ɗan akwati mai haske, na'ura tana rubuta kowane ja da saki na iskarsa, su jira ya yi barci. Ashe ɓera ma numfashinsa yakan ɗauke cikin barci, ya tsaya cik, sannan ya dawo, sau da yawa bayan ya yi ajiyar zuciya. Na daɗe a kan wannan layin. Ɓera na ajiyar zuciya! Me ya dame shi? Sai su ɗauki matan, su cire musu gaɓar da ke yin ƙwai, wadda daga ita ormon ɗin ke fitowa, su sake aunawa. Numfashin yakan ƙara rikicewa, in kuma aka mayar musu da sinadarin abin yakan yi sauƙi. A ɓangaren maza labarin bai zauna wuri ɗaya ba, wani gwajin ya ce haka, wani ya ce ba haka ba. A farkon takardar kuma aka faɗi dalilin wannan wahala duka: a cikin mutane maza sun fi fama da ɗaukewar numfashi cikin barci, amma da mace ta kai shekarun da al'ada ke tsayawa sai ta fara kamo su.

Na ja wa wannan layi da jan bik, wato biro, don kawai na ga zai yi kyau a ƙarshen bayanina.

Ana cikin haka aka yi wa Baba rasuwar wani aboki a Dakusa, ya tafi ta'aziyya na kwana uku. Ranar da ya tafi, bayan azahar, ina kan tabarma a ƙarƙashin rumfa da ƙamusina, sautin ya fara. Ban ma lura ba, kunnena ya saba. Sai da na juya shafi biyu sannan na tuna da safe na ga Baba ya hau kabu-kabu zuwa tasha.

Na tashi na je bakin ƙofa, na ɗage gefen labule. Inna na kwance rigingine, baki a buɗe, mafici ya faɗi daga hannunta. Ta ja, ta ja, sai sautin ya yanke. Ƙirjinta da cikinta suna ta motsi kamar mai jijjiga ƙofar da aka kulle, amma iska ba ta shiga. Na ji kamar in kama labulen da haƙori. Can sai ta fizgo numfashi da ƙarfi, kamar wadda aka tsamo daga rijiya, ta motsa ƙafa, ba ta farka ba. Minsharin ya ci gaba. Ba a daɗe ba ya sake yankewa.

Da wata 'yar ce, da ta shiga ta tashe ta. Ni komawa na yi na ɗauko kaye, littafin rubutuna, da agogo. Na tsaya a bakin ƙofa, ban tsallake dokin ƙofar ba, duk lokacin da numfashin ya ɗauke in duba agogo in rubuta. Wani gajere ne, wani ya wuce daƙiƙa ashirin. Haka na yi kwana uku, na raba shafin gida-gida da rula: rana, sa'a, tsawon tsayawar, yadda take kwance. Na lura in ta juya gefe abin yakan lafa.

Daga nan abubuwan da na daɗe ina gani ban haɗa ba suka fara neman juna. Ciwon kan da take tashi da shi, ta ɗaure goshi da kallabi ta ce hayaƙi ne. Gyangyaɗin da take yi da carbi a hannu. Yadda takan tsaya cik tana tsintar gyaɗa, ido a rufe, yatsu cikin faifai. Sai kuma ramuwar azumi. Tun da na dawo gidan, bayan ƙaramar salla tare muke rama kwanakin da muka sha. Ba mu taɓa yin maganar ba, sai dai in tarar da abincin sahur na mutum biyu a rufe. Shekara biyu ke nan na mutum ɗaya nake tararwa. Inna ba ta da ramuwa. Ta daina fashin salla.

Na buɗe fotokofin na sake karanta layin da na ja wa jan bik.

Da Baba ya dawo, maƙwabciya ta tare shi ta katanga. "Malam, sannu da hanya, ya haƙuri? Ashe injin naka har daga Dakusa ake jin sa!"

Baba bai ko numfasa ba ya ce, "Ƙanena ne ya zo duba gida, Hajiya. Ba na ce miki gado ba ne?"

Babu ƙanen da ya zo. Na dubi Inna. Hannunta ya tsaya cikin faifai, sannan ya ci gaba. A nan na gane su biyun sun sani, kuma Baba ya ɗauki abin ya aza a kansa tun ranar farko, yana ganin ba komai ba ne illa abin kunya da za a rufe.

Sai da na jira sau uku bayan darasi kafin in iya tsayar da malaminmu. Na ce akwai wata mata a unguwarmu, na faɗi abin da na gani. Ya saurara, ya ce, "Da farko, ɓera ba mutum ba ne. Shi sau da yawa ƙwaƙwalwa ce ke jinkirin ba da umarni, mutum kuwa galibi maƙogwaro ne ke rufewa in naman wurin ya saki. Kada in ji kin je farmasi neman ormon. Amma matar nan ta ga likita, a auna mata jini, don abin yakan tafi da hawan jini. Tana tuƙi?"

Na ce a'a.

"Tana aiki kusa da wuta?"

Na tuna kaskon Inna. Ya dube ni ta saman gilashinsa ya ce, "To kada matar unguwar taku ta daɗe."

Na daɗe ni. Kullum in shirya maganar a hanya, in na shigo gida ta narke. Ta yaya 'yar fari za ta dubi uwarta ta ce kina minshari? Ta yaya za ta ce na lura kin daina fashin salla? Ko ɗaya daga ciki ya isa a ce ba ta da tarbiyya, ni kuwa biyu nake ɗauke da su, da na uku, cewa na tsaya ina leƙen barcinta. Baba kuwa ban san ta inda zan fara da shi ba.

Bayan sati ɗaya, da la'asar sakaliya, ina ɗaki ina hangen tsakar gida ta taga. Inna na gaban kasko, mai yana tafasa. Na ga kanta yana sauka a hankali. Abin da na yi har yau yana cina: na tsaya ina kallo, kamar yadda na saba a bakin labule, ina jira in ga ko zai ɗago. Bai ɗago ba. Matsamin ya suɓuce, hannunta ya bi shi ya bugi bakin kasko, man ya fantsamo mata daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwar hannu. Ta yi salati. Kaskon ya karkata ya dawo. Da ya ƙarasa kifewa, a kan ƙafafunta zai zuba.

Baba ya kai ta gidan likita aka wanke aka ɗaure. Ta ce musu itace ne ya goce. Haka ta gaya wa maƙwabta, haka ta aika wa Kaka.

Kashegari Kaka ta iso daga Guna don ta karɓi suyar. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, goro a kunci, bakinta ba shi da ƙofa. Inna autarta ce, don haka tsakaninsu babu wani labule, ni kuma jikarta, abokiyar wasanta. Na yi tunanin in ja ta gefe in gaya mata, amma na san Kaka. Kafin in rufe baki za ta ƙwala wa Inna kira ta tambaye ta a gaban katanga.

Saura kwana huɗu in yi bayanina a aji, kuma kusan wata guda ina karanta numfashin ɓera ban taɓa tsayawa na kalli ɓera yana numfashi ba. Ɗakin da muke ajiye buhunan gyaɗa kuwa cike yake da su. Na kifa kwano, na tokare bakinsa da ɗan tsinke, na ɗaura guntun ƙuli-ƙuli a jiki. Da safe na tarar kwanon ya faɗi, ana motsi a ciki. Da ƙyar na juye shi cikin babbar kwalbar alewa, na huda murfin da ƙusa, na sa masa tsumma. Takardun sun ce ɓera da rana yake barci, don haka da hantsi na ajiye kwalbar a inuwar rumfa, na zauna da agogo da kaye.

Ba ya ƙirguwa. Gefen cikinsa rawa kawai yake yi, kafin in ce ɗaya ya yi biyar. A nan na gane dalilin na'urar.

Kaka da Inna suna can gefe suna tsintar gyaɗa, Inna da hannu ɗaya, ta ba ni rabin baya. Kaka ta miƙo wuya.

"Ke 'yar boko, wannan miji kika kamo ko abin miya?"

"Karatu ne, Kaka."

"Karatu! Shekara goma sha nawa ana saya miki kaye, ashe kyanwa ake raino. Da na sani da na bar ki a Guna. Rumbuna ya fi kowace lakwal ɗalibai." Ta matso da tabarmarta. "Mace ce ko namiji?"

Na ce ban sani ba.

"Ba ki sani ba! Ɗago kwalbar." Na ɗaga, ta leƙa ta ƙasa, ta ƙyalƙyale da dariya. "Namiji ne, ga kayansa nan yana ja kamar buhun gero. Wannan ma sai an duba littafi? To me kike nema a jikinsa?"

Ban shirya ba. Amma na ga ɓeran nake kallo, Kaka nake ba amsa, babu wanda zai ce da Inna nake. Na kafa ido a kan kwalbar na fara.

"Numfashinsa nake so in gani in ya yi barci. An ce yakan ɗauke."

"Ya mutu?"

"A'a, ya tsaya ya dawo. Masu bincike sun ce akwai wani abu a jinin matansu da ke taimakon numfashi. In aka cire musu gaɓar da ke yin sa, sai abin ya ƙaru."

"Allah ya isar wa ɓera. Su waɗannan ba su da aikin yi ne? To in an cire, su zama me?"

Na ce, "Su zama kamar macen da ta daina fashin salla."

Kaka ta daina tauna. "Irina."

"Irinki, da waɗanda ba su kai ki ba. Don su ake gwajin. Abin in ya ragu a jikin mace, wata sai ta fara minshari, ko da ba ta taɓa yi ba. Ba sakaci ba ne, ba cin tuwo da yawa ba ne kawai. Maƙogwaro ne ke rufewa, iska ta kasa wucewa, sai ta fizgo. Ta kwana tana haka ba ta sani ba. Sai ta tashi da ciwon kai, ta yini tana gyangyaɗi, jininta ya hau. Ko tana gaban wuta barci ya sace ta."

"Ɓeran ne ke zama gaban wuta?"

Ƙarar gyaɗar da ke faɗawa cikin ƙwarya ta tsaya. Kaka ta dube ni, ta dubi ɗaurin da ke hannun 'yarta, ta daɗe tana juya goron a bakinta. Na jira ta yi ihun da na sani. Ba ta yi ba. Ta tofar gefe ta ce, kamar tana ba da labarin farashin gero, "Ni ma da na kai gaɓar nan, kakanki ya ce na fara jan turmi. Na ce ƙarya yake, shi ne yake jin nasa."

Ɓeran ya tura kai cikin tsumma.

Sai Inna ta yi magana, ba ta juyo ba. Iya take ce wa Kaka. "Iya, ki tambayi mai ɓeran nan. Su waɗanda abin ya kama, barinsu ake yi, ko akwai abin da ake yi musu?"

Kaka ta zungure ni da gwiwar hannu. "Kin ji. Ana tambayar mai ɓera."

"Na ɓera ban sani ba. Mutum dai gidan likita ake kai shi, a auna jininsa, a duba maƙogwaronsa. Kuma kada ya zauna gaban mai shi kaɗai."

"Ki tambaye ta," in ji Inna, "in an je, dole sai an faɗi abin da ake ji ta katanga?"

"Sai an faɗa." Na ƙara kafa ido a kan kwalbar. "Amma in mutum ba ya son faɗa da bakinsa, akwai takarda. An rubuta. Na kwana uku, lokacin da aka tafi Dakusa."

Na ga bayan wuyanta ya sandare. Ta gane na tsaya a bakin ƙofarta. Na ji da ƙasa za ta tsage da na shige. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba, kuma agogo na hannuna.

Inna ta ɗebi gyaɗa ta ci gaba da tsinta. Ta ce, "A kwafe shi a takarda mai tsabta. Kada a kai wa mutane ƙazamin rubutu."

Sau uku na kwafe shi kafin ya yi mini.

Mu uku muka je. Likitar mace ce, mai yawan shekaru. Na miƙa mata takardar, ta karanta har ƙasa, ta koma sama. Ta ce, "Wa ya yi wannan?"

Inna na kallon bango ta ce, "Wata ce a gidanmu."

"Jikata ce," in ji Kaka, "ni na raine ta. Ɓera take karanta."

Aka auna, jinin ya hau sosai. Likita ta rubuta magani, ta leƙa maƙogwaro, ta yi tambayoyin da ni ba zan iya yi ba, Inna ta amsa su a hankali, ni na fita na tsaya a baranda. Da aka kira ni, likita ta ce a rage gishiri, a rage jiki, a daina kwanciya rigingine, a daina suya a lokacin da barci ke kama ta. Ta ce gwajin da zai tabbatar da girman abin sai an kwana da na'ura a jiki, kuma sai an yi tafiya. Ta rubuta takardar turawa, ta ba ni ita a hannu, ba Inna ba.

Maganar kwanciyar ce ta ba mu wuya. Inna takan fara da gefe, barci na nisa ta koma rigingine. Kaka ce ta warware. Ta ce, "Wace mai goyo kuka taɓa gani ta kwanta a kan bayanta?" Ta dunƙule tsofaffin zannuwa ta yi ƙunshi kamar girman jariri, ta ce a kawo majanyi. Inna ta shiga ɗaki ta daɗe tana tonon akwati, ta fito da wani tsohon majanyi na saƙi, baƙi da fari, bakinsa ya fara zarewa.

Kaka ta karɓa ta juya shi. "Ashe yana nan? Da wannan aka kawo mini waccan Guna, tana ta ihu kamar an yanka ta. Na ce a bar mini shi aka hana."

"Shi ne a sama," in ji Inna.

Ba shi ne a sama ba. Na ji tsawon tonon.

Tun daga ranar, in za ta kwanta sai ta goya ƙunshin. Kaka ta ce in zo in gai da ƙanwata. Suya ta koma da sassafe bayan an karya, ni ko Kaka muna zaune kusa. Minsharin bai tafi ba, amma ya ragu, yankewar ma ta ragu, ciwon kai ya koma jefi-jefi. Maƙwabciya ta ce, "Malam, injin ya lalace ne? Kwana biyu ba mu jin sa sosai." Baba ya ce, "An kai shi gareji, Hajiya." Ya wuce ta gabana zai fita, ya ajiye mini sabon gidan agogo na fata a kan ƙamus.

Ɓeran kuwa, a ranar da muka yi maganar, can bayan azahar ya yi barci, ya dunƙule, hanci cikin ciki. Na zuba masa ido har wuyana ya ƙage. Sau ɗaya na ga gefensa ya kumbura fiye da kullum, ya sauka, ya yi kamar ya tsaya. Ko ajiyar zuciyar ce, ko idona ne ya gaji, ban sani ba, don haka ban rubuta ba. Kaka ta ce a kawo taɓarya. Na ɗauke shi na kai bayan unguwa na buɗe murfin. A aji na yi bayanina, malam ya ce aikin ya yi tsaf, amma na bayan aji ba su ji ko kalma ɗaya ba.

Gwajin har yanzu ba a yi ba. Takardar turawar tana cikin kayena, Baba ya ce in damina ta wuce hanya ta yi kyau za a tafi, ni kuma duk wata nakan ciro ta in ajiye inda zai gani. Likita ta ce kafin nan in ci gaba da rubutawa, ko sau ɗaya a sati, don a ga ko abin na komawa baya. Ban san yadda zan yi ba, tunda yanzu Inna ta sani. Ranar Alhamis ta farko na ɗauki kaye da agogo, na yi ta kewaya tsakar gida kamar mai neman allura. Da na isa bakin ɗakin, na tarar an ɗage labulen rabi an soke shi a ƙusa, an ajiye kujera 'yar tsugunne a inuwar ƙofa. Inna na kwance a gefen dama da goyonta, ta ba ni baya. Na zauna, na buɗe sabon shafi, na ja layukan da rula.